Alwatikar da Aka Ɗinke a Laya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya san adadin kowane abu tun ba a halicci mai ƙirgawa ba, wanda saninsa ba ya bin hanya doguwa ko gajeriya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da gaskiya.

Daga mahaifinka a Unguwar Kanawa, Kaduna, zuwa ga ɗana Sa'idu, wanda aka tura koyar da lissafi a Gusau. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fata jirgin ƙasa ya sauke ka lafiya, ka sami masauki na kirki da maƙwabta masu tsoron Allah. Ina gaida duk wanda ya tarbe ka, ko da da ruwan sha ne.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba. Kowa lafiya, innarka tana gaishe ka, wannan ya isa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya tsaya mini a rai, kuma ina tsoron kada ya riga wasiƙar nan isa gare ka.

Bayan tafiyarka, Tanko tela na Hayin Banki ya yi sallama a zaure da hantsi, ina tsakiyar ba da karatu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya jira har na kai aya. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihu da hannu biyu, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, fatawa na zo nema. Fatar akuya ta fi dacewa da wannan, ko ta tunkiya?"

Na karɓa na warware. Rubutunka ne, ba ya ɓace mini ko a cikin dubu. Alwatikar nan ce taka ta lambobi: ɗaya a sama, ɗaya da ɗaya a ƙarƙashinsa, sannan ɗaya, biyu, ɗaya, haka har sahu na shida.

Na ce, "Tanko, wa ya ba ka wannan?"

Ya ce, "Malam Ƙarami mana! A tasha na tare shi, na riƙe masa riga, na ce ba inda za shi sai ya ba ni hatimin nan da ya tashi Mamman birkila. Tun da aka cika kasuwar Kawo da sababbin kekunan ɗinki, ko wandon yaro ba a kawo mini."

Na ce, "To, me ya ce maka?"

Ya ce, "Dariya ya yi, ya rubuta a kan gwiwarsa, ya ce in adana kada ruwa ya taɓa. Kai, Malam, yaron nan akwai zurfin ciki, kai ya biyo! Ai na riga na aika wa yayana Bawa, mai awon gyaɗa a Gusau. Matarsa ce ke fama da tari tun kafin damina, har an ce ya kai ta asibiti. Na ce ya dakata tukuna, ga magani nan tafe a jirgi. Rago ma ya tanada."

Sa'idu, ban san yadda na ƙarasa karatun ranar ba. Akwai wata mace a garin da kake, ban san sunanta ba, tana tari, an fasa kai ta wurin likita domin ana jiran ka wanke mata lissafin aljabara ta sha. Wannan shi ne abin da ke gabanka. Ba zan yanke maka hukunci ba sai na ji ta bakinka, domin na san halin Tanko, na kuma san yadda mai gaggawar shiga jirgi yake sallamar mai naci. Amma kafin in ce maka komai, wajibi ne in shimfiɗa maka nawa rabon a cikin wannan lamari, domin ya fi naka yawa.

Ka tuna ranar da na fara ganin alwatikar nan a cikin takardunka, lokacin da ka zo hutu daga Zariya. Ban tambaye ka ba. Na ga lambobi a jere, kowane sahu ya fi na samansa faɗi, ko ta dama ka karanta ko ta hagu abu ɗaya ne, sai zuciyata ta yanke cewa ka faɗa hannun masu tsibbu. Na ɗaga murya a tsakar gida, a gaban ƙannenka, na ce ban kai ka boko domin ka koyo mini duba ba. Ka sunkuyar da kai har na gama. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina gaya wa ɗalibai cewa ba a hukunta abu sai an san surarsa, ni ne na hukunta takarda domin kawai ta yi kama da abin da na ƙi. Ka kiyayi wannan a ajinka. In ka ga yaro ya rubuta abin da ba ka gane ba, ka ce ya yi maka bayani kafin ka buɗe baki. Sau da yawa za ka tarar kuskure ne, amma wata rana za ka tarar kai ne ba ka sani ba.

Washegari ka same ni a rumfar ƙofar gida, ka nemi izini ka nuna mini. Idona ba ya ganin rubutun fensir, saboda haka ka ɗauko allo da tawada, ka zana alwatikar a kai, ka mayar da haruffan Turawa zuwa Alif da Ba domin in saki jiki. Ka ce, "Baba, in an haɗa Alif da Ba, aka ninka haɗin da kansa, me zai fito?"

Na amsa nan take, da izzar wanda ya daɗe yana rabon gado, na ce Alif sau Alif, da Ba sau Ba, shi ke nan.

Ba ka ce na yi kuskure ba, Allah ya yi maka albarka. Sai ka nuna daɓen rumfar, ka ce, "Baba, rumfar nan kamu shida ce ta kowane gefe. In za a ƙara mata kamu biyu ta gabas, kamu biyu ta kudu, ina da ina mata za su yi sabon daɓe?"

Na tashi na duba. Ga tsohon daɓe, shida sau shida, talatin da shida. Ga ɗan ƙaramin lungu a kusurwa, biyu sau biyu, huɗu. Su na ƙirga a amsata, arba'in ke nan. Amma ga wani dogon ziri ta gabas, shida sau biyu, ga ɗan'uwansa ta kudu, shi ma shida sau biyu, na tsallake su kamar ba a cikin gidana suke ba. Da su ne ake cika sittin da huɗu, wato takwas sau takwas. Babba ɗaya, ziri biyu, ƙarami ɗaya. Ɗaya, biyu, ɗaya. Sai na ɗaga kai na dubi sahu na uku a kan allon, na ga rumfata ce a rubuce.

Daga nan ka ci gaba. Ka ce in haɗin za a jera sau uku a ninka, ko huɗu, ko biyar, mutum yana iya bin doguwar hanya, ya buɗe baka, wato kowane haɗin Alif da Ba, ɗaya bayan ɗaya, ya ninka kowane da kowane, ya tattara masu kama da juna, har takarda ta cika. Ko kuwa ya bi gajeriya: ya sa ɗaya a farkon kowane sahu da ƙarshensa, kowace lamba ta tsakiya kuma ya same ta da tara biyun da ke bisa kafaɗunta. Ɗaya, uku, uku, ɗaya. Ɗaya, huɗu, shida, huɗu, ɗaya. Sannan ya jera haruffan, darajar Alif, wato sau nawa aka jera shi a ninkawar, tana sauka mataki mataki, ta Ba tana hawa, har Alif ya ɓace Ba ya cika. Ka ce malaman hisabi na Musulmi sun san wannan tun da daɗewa. Na ji daɗi, na ji kunya, ban san wanda ya rinjaya ba. Na ce ka bar mini allon in ƙara dubawa, na jingine shi a zaure tare da sauran alluna.

Wannan jinginarwa ita ce mafarin abin da muke ciki, ko da yake ba ita ce laifina ba. Laifin yana gaba.

A kwanakin nan Mamman birkila, maƙwabcinmu, yana kwance da zazzaɓi. Matarsa Habi ta roƙe ni rubutun sha, na rubuta mata ayoyin neman sauƙi, na ce ta aiko a ɗauka. Na fita jana'iza Rigasa. Da na dawo na tarar allon ayoyin yana nan inda na bar shi, naka kuwa an dawo da shi a wanke tas. Na gane abin da ya faru kafin in zauna. Abin da ya kamata shi ne in taka zuwa ƙofar gidansu a wannan sa'a, in ce an yi kuskuren allo, ga na gaskiyar. Na ce bari sai gobe, kada in ɗaga mata hankali. Da goben ta zo, zazzaɓin ya sauka, kamar yadda zazzaɓi yakan sauka in Allah ya so. Habi ta shigo wurin innarka tana guɗa, tana cewa ba ta taɓa ganin rubutu irin wannan ba, ba aya ko ɗaya sai lambobi kamar dala, mijinta yana sha ya yi gumi. Innarka, ba da wata manufa ba, ta ce ai allon Sa'idu ne.

A bakin masallaci mutane suka riƙa ce mini, "Malam, ashe ka ba yaron nan sirri? Ga boko ga asirin gida, Allah ya ƙara." Ni kuwa sai in ce, "Sauƙi na Allah ne." Maganar gaskiya ce, amma na zaɓe ta ne domin ba ta warware komai. Shekaru ana yi mini gori a unguwar nan cewa na miƙa ɗana ga Nasara. Ga shi rana ɗaya masu gorin suna durƙusa maka a hanya. Na ji zaƙin wannan, ban so ya ƙare ba. Kai ma na ga ka so ka yi magana, na ce maka ka bar su, zance ne zai wuce. Ka bi umarnina. Saboda haka in ka yi wa Tanko dariya a tasha maimakon bayani, a wurina ka koyi cewa shiru ya halatta.

Ga nasihata a kan wannan, kuma ita ce mafi nauyi a wasiƙar nan. Ƙarya ba sai ka furta ta ba. In mutum ya zaci kana da abin da ba ka da shi, ka gane zatonsa, ka bar shi a kai domin yana yi maka daɗi, to ka riga ka yaudare shi, ko da kowace kalma da ta fito bakinka gaskiya ce. Kuma gyaran yana da sauƙi a rana ta farko, a ta biyu ya yi nauyi, bayan wata guda ya fi ƙarfinka. Ban ce da kai rubutun sha haramun ne ba, ni kaina ina yi, da ayoyin da na san ma'anarsu, ina kuma gaya wa mai sha abin da yake sha. Masu hatimi kuwa su da Ubangijinsu. Amma wannan alwatika ba aya ba ce, ba sunan Allah ba ce, ba addu'a ba ce. Ƙirge ne na hanyoyin ninkawa. Wanda ya ba marar lafiya ita a matsayin magani ya ci amanar marar lafiya, ya kuma ci amanar ilmin.

Akwai wani kuskuren nawa, ƙarami ne, har za ka yi dariya, amma ina so ka ji shi domin aikinka. Bayan ka koma makaranta na riƙa zana alwatikar a ƙasa ina wasa da ita. Wata rana na lura sha ɗaya sau sha ɗaya ɗari da ashirin da ɗaya ne: ɗaya, biyu, ɗaya. Na sake ninkawa da sha ɗaya, sai ga ɗaya, uku, uku, ɗaya. Na sake, sai ga ɗaya, huɗu, shida, huɗu, ɗaya. Murna ta kama ni. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba, na yafa mayafi na tafi gidan aminina Malam Isa, wanda muka yi karatu tare tun muna samari. Na ce ya ba ni sha ɗaya a kowace daraja in faɗa masa amsa kafin ya gyara zama.

Ya ce, "To, a jera ta sau biyar."

Na zana sahun: ɗaya, biyar, goma, goma, biyar, ɗaya. Na manna su a jere yadda suke, na karanto masa wata lamba mai tsawon igiyar guga.

Malam Isa ya ɗauki tsinke ya bi doguwar hanya a kan rairayi, a hankali, yana tauna goro. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Malam, miliyan goma sha biyar ka kawo mini, ni kuwa ko dubu ɗari biyu ban samu ba. Ina ka tsinto sauran, ko gado aka bar maka?"

Amsarsa ce daidai: dubu ɗari da sittin da ɗaya da hamsin da ɗaya. Sai da na koma gida na gane. Sha ɗaya goma ce da ɗaya, Alif da Ba ke nan, shi ya sa alwatikar take fitowa a cikinta. Amma gurbi ɗaya ba ya ɗaukar goma, dole a ajiye sifiri a ɗauki ɗaya zuwa gaba, abin da kowane yaro ɗan elementare ya sani. Da na san dalilin dabarar, da na san inda za ta tsaya. Na riƙe ta ne kamar yadda Habi ta riƙe allo: na ga ta yi aiki sau uku, na ba da gaskiya.

Saboda haka, ɗana, in ka shiga aji, kada ka fara da gajeriyar hanya. Na san halinka, kana son ka ga idanun mutane sun buɗe don mamaki, tun kana ƙarami haka kake. Yara za su so ka in ka rubuta amsa a allo kafin su gama kwafe tambaya. Ka hana kanka wannan daɗin. Ka bar su su buɗe baka ɗaya bayan ɗaya har yatsunsu su gaji, su ga da idonsu inda ukun nan ya fito, inda shidan nan ya fito. Wanda ya sha wahalar doguwar hanya, in ka ba shi gajeriya, zai gode maka kamar wanda aka sauke wa kaya. Wanda bai sha ba zai ɗauke ta sihiri, kai kuma ya ɗauke ka boka, ko da yana sanye da kakin makaranta. Ka koya musu abin da ka koya mini na gwaji: in an tara lambobin sahu, kowane sahu ninkin na samansa ne, biyu, huɗu, takwas, sha shida, wanda ya tara bai sami haka ba ya san ya yi tuntuɓe. Ka tuna musu in ragi ne tsakanin Alif da Ba, to ƙari da ragi suke karɓa-karɓa daga farko har ƙarshe, kuma ka nuna musu abin da ya sa. Ɗayar dabarar ma, wadda ake samun kowace lamba daga ta bayanta ba tare da an gina alwatikar ba, a ninka ta da darajar Alif a raba da matsayinta a sahu, kada ka ba su ita sai ka tabbata za su iya gaya maka dalilinta. Ni har yau ban kama dalilin wannan ba, shi ya sa ba na amfani da ita.

Yanzu ka ji abin da na yi bayan tafiyar Tanko, domin kada ka zaci na zauna ina rubuta nasiha kawai.

Na aika aka gaya wa maƙwabta ina son ganinsu bayan la'asar. Zaure ya cika, Mamman yana nan, Tanko yana nan, Habi da wasu mata suna saurare daga soro na ciki. Na faɗi komai yadda ya faru: kuskuren allo, da shiruna, da abin da ya sa na yi shirun. Sannan na ce zan nuna musu abin da ke cikin alwatikar, domin su ga ba komai a ciki sai ƙirge.

Na yi tunanin hanyar da za su gane, na sa aka kawo kwanoni uku, kowane na sa dabino ɗaya da goro ɗaya. Na ce kowane kwano baka ɗaya ne, dabino Alif, goro Ba. Mutum zai ɗauki abu ɗaya daga kowane kwano. Dabino zalla, hanya nawa? Suka ce ɗaya. Dabino biyu da goro ɗaya fa? Muka gwada: goron ya fito daga kwanon farko, ko na tsakiya, ko na ƙarshe. Uku. Goro biyu da dabino ɗaya, uku. Goro zalla, ɗaya. Na zana a ƙasa: ɗaya, uku, uku, ɗaya. Na ɗora takardar Tanko a gefe, na ce ku duba sahu na huɗu. Wallahi, Sa'idu, ni kaina sai a lokacin na ƙarasa fahimtar abin, har na so a ce kana nan.

Na ce a raina an gama.

Sai Mamman ya gyara murya ya ce, "Allah gafarta Malam, to ni da na sha ba dabino ba goro, ashe rabin magani na sha?"

Wani daga baya ya ce, "Shi ya sa har yanzu kake ɗingishi!"

Aka fashe da dariya. Na ɗaga hannu na ce ba magani ba ne, ba rabi ba, ba cikakke ba. Sai muryar Habi daga ciki: "Malam, ka yi haƙuri, ni dai mijina yana kwance ya tashi. Ko lissafin kuɗin haraji ne, a sake rubuta mini."

Tanko kuwa ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya ce, "Na gane, Malam, ba a faɗin irin wannan a cikin taro. Dabinon Agadas ne ko kowane iri? Goron fari ko ja?"

Na ce ya ba ni takardar. Ya mayar da ita aljihu ya dafe, ya ce ba ni na ba shi ba, wanda ya ba shi ne kaɗai zai karɓa. Da aka watse na duba kwanonin, ba dabino ba goro, an kwashe don tabarruki. An gaya mini tuni baduku ya ɗinke takardar, a fatar akuya, tana rataye a jikin keken ɗinkinsa.

Ban ce ba wanda ya gane ba. Mutum biyu ko uku sun dawo sun ce in sake nuna musu, ɗaya ma ya tambayi abin da zai faru in kwanonin huɗu ne, ya kuma samo shidan da kansa. Amma mafi yawa sun tafi da abin da suka zo da shi, har da ƙari. Na makara. Ga furfurata, ga shekarun da na yi ina limanci da karantarwa a unguwar nan, duk ba su iya ture abin da dogon shiruna ya gina ba. Kai kuwa baƙo ne a can, matashi, ba ka da ni, ba ka da innarka, albashin sabon malami kuma ba ya kai wata. Za a kawo maka rago. Bayan rago za a kawo riga. Za a tashi tsaye in ka shigo masallaci. Ba wanda zai ce ka yi ƙarya, roƙonka kawai za a yi ka zana abin da ka iya zanawa ido rufe. Na san zaƙin wannan, na ɗanɗana kaɗan daga cikinsa ina tsoho, ban iya tofarwa ba. Shi ya sa nake tsoro.

Na aika wa Bawa saƙo ta bakin wani direban jirgi, amma bai san ni ba, ƙaninsa kuma ya riga ya gaya masa cewa Malam yana ɓoye sirri. Maganarka kaɗai zai ji. Saboda haka ga abin da nake umartarka, da haƙƙin haihuwa.

Kada ka jira ya zo. Ranar da wasiƙar nan ta same ka, in an tashi makaranta, ka tambayi rumfar Bawa mai awon gyaɗa, ka je da ƙafarka. Ka gaishe shi da ladabi, babba ne. Ka ce masa a fili, a gaban duk wanda ke wurin, ba ka da hatimi, ba ka da sirri, abin da ka ba ƙaninsa darasin 'yan makaranta ne. Kada ka yi murmushi sa'ad da kake faɗa, domin murmushi za su riƙe su bar maganar. Kada ka zana masa ita, ko da don bayani, ka ga yadda nawa bayanin ya ƙare. Kada ka karɓi ragon, ko da ya ce kyautar baƙunta ce, ko da ya yi fushi, ko da ya rantse. In ya ce to me za ka yi wa matarsa, ka ce za ka yi mata addu'a kamar kowane Musulmi, kuma za ka raka su asibiti, tun da kana jin Turanci, ka tsaya har likita ya duba ta. Ka nemi izinin shugaban makarantarku ka yi hakan, in ma za a yanke maka wani abu a yanke.

Sannan ka rubuto wa Tanko takarda da hannunka, da ajami domin kowa ya iya dubawa, ka faɗi abin da ka ba shi, ka nemi gafararsa, ka ce ya farke layar. Ni zan karanta ta a zaure. Ka sa tawa a ciki, ka gaya mini gaskiyar abin da ya gudana a tasha, kada ka rage don ka sauƙaƙa mini. Amma kafin duk wannan, a layin farko, kafin ma gaisuwa, ka rubuta mini halin da matar nan take ciki. In ta sami sauƙi, alhamdu lillahi. In kuwa jinkirin nan ya cuce ta, ina so in sani, domin ni za a fara tambaya ranar da ba a ɓoye komai, kafin a zo kanka.

Albarkata tana tare da kai, ban rataya ta a kan komai ba. Allah ya tsare ka daga sharrin masu ƙinka, ya fi tsare ka daga yabon masu sonka. Allah ya sa ilminka ya zama mai amfani, ya sa yaran da za ka koyar su fi ka sani. Allah ya ba baiwarsa da ke tari lafiya, ya sa ka isa gare ta a kan lokaci. Ya gafarta mini, ya gafarta maka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka.